Tambaya da Amsa: Garin malaman Yahudawa a bakin tafkin Mastis

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ɗana yana karatun likita a Kaunas, ƙasar Lituwaniya, shekara ta uku ke nan. A hutun da ya wuce wani abokin karatunsa ɗan ƙasar ya kai shi garinsu, Telshai. Ya turo mini hotuna ta WhatsApp: wani tafki a gefen gari, wani tsohon ginin jan bulo, sai wani dutse mai rubutu a cikin daji, shi kuma yana tsaye gabansa ya sunkuyar da kai. Ya ce mini, "Inna, wanga gari kamar Sakkwato yake ga Yahudawa, garin malamai ne, amma an ƙarar da su." Da na nuna wa ƙanen maigidana, sai ya ce yaron ya yi kuskure, mi ya kai ɗan Musulmi tsayawa kan kabarin Yahudawa alhali kowa na ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa? Tun ran nan hankalina bai kwanta ba. Mi ya kai Yahudawa wagga ƙasa ta sanyi? Ina sunka tafi? In yi wa yaron faɗa ko in ƙyale shi?

Daga wata uwa, Runjin Sambo, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ba yaro sa'ar karatu, ya dawo mana da shi lafiya. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don hankalinki ya kwanta: kada ki yi masa faɗa. Sauran bayanin zai ɗan yi tsawo, ki yi haƙuri da ni.

Na yi shekara 31 ina koyar da tarihi a makarantun sakandare. A wurinmu, idan aka ce yaƙin Hitila, abin da ke zo wa mutum a zuciya shi ne Bama da mazan jiya da suka dawo da lambobi a ƙirji. Abin da ya sami Yahudawan Turai kuwa, layi biyu ko uku ne a littafin aji, mu karanta mu wuce. Sai bayan na yi ritaya na zauna na bi labarin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, kuma Telshai na cikin waɗanda suka tsaya mini a rai, don dalilin nan da ɗanki ya faɗa.

Yahudawan Lituwaniya daga yamma suka zo. An kore su daga Ingila a 1290, an kore su daga Faransa fiye da sau ɗaya, kuma a lokacin annobar 1348 an yi musu ƙazafin zuba guba a rijiyoyi a garuruwan Jamus, aka yi ta kashe su. Sai suka yi gabas, inda sarakuna ke neman 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. A 1388 Bitautas, wanda daga baya ya zama babban sarkin Lituwaniya, ya ba Yahudawan garin Brest takardar amana ta kare rayukansu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu. Wannan sarkin dai shi ne ya zaunar da Musulmi 'yan ƙabilar Tatar a ƙasarsa. Jikokinsu suna nan har yau, kuma masallacin Kaunas, wanda nake kyautata zaton a can ɗanki ke sallar Juma'a, su suka gina shi. Suna da tsofaffin littattafai da suka rubuta harsunan yankin, na Belarus da na Folan, da haruffan Larabci, kamar ajaminmu. Su ma Yahudawan haka suka yi da nasu harshen na gida, Yidish: gindinsa Jamusanci ne, an cakuɗa shi da kalmomin Ibrananci, ana rubuta shi da haruffan Attaura daga dama zuwa hagu.

Telshai tana arewa maso yammacin ƙasar, a bakin tafkin Mastis da kika gani a hoto. Yahudawa suna kiran garin Telz. A ƙidayar da gwamnatin Rasha ta yi a 1897, lokacin ƙasar na ƙarƙashinta, an sami Yahudawa 3,088 a garin, rabin jama'arsa ke nan da ɗan ɗoriya. Su ne masu shaguna, teloli, masu ɗinkin takalmi, dillalan hatsi da katako. Manoman ƙauyuka Kiristoci ne, ran kasuwa su shigo da amalanken doki su sayar su saya. Yawancin Yahudawan talakawa ne, shi ya sa tun ƙarshen ƙarni na 19 suka yi ta ƙaura. Mafi yawan Yahudawan Afirka ta Kudu na yau, asalin kakanninsu daga irin waɗannan ƙananan garuruwa na Lituwaniya ne.

Amma ba kasuwa ce ta fitar da sunan Telz ba, karatu ne. A nan nake son in daɗe.

Babban malaminsu na wannan yanki, Iliya na Bilniyus (babban birnin Lituwaniya a yau), wanda suke wa laƙabi da Ga'on, wato gangaran, ya rasu a 1797. Ki lura, zamaninsa ɗaya da Shehu Usmanu, lokacin Shehu na Ɗegel yana karantarwa. A 1803, shekara ɗaya kafin hijirar Shehu zuwa Gudu, wani almajirin Ga'on mai suna Hayim ya buɗe makaranta a garin Bolozhin, ya kawo wani sauyi da duk Bahaushe zai gane nauyinsa. Kafin nan, ɗalibin da ya bar garinsu don karatu yakan kwana a ɗakin ibada, abincinsa kuma an raba wa gidaje: Lahadi gidan wane, Litinin gidan wane. Suna ce wa wannan "cin kwanaki". Ranar da ba a sami gidan da ya ɗauke shi ba, da yunwa zai kwana. Da na fara karanta wannan sai na ajiye littafin, don na ga almajiranmu da kwanon bararsu a ƙofar gida bayan magariba. Shi Malam Hayim cewa ya yi mai neman ilimi bai kamata ya dogara da ragowar tukunya ba. Ya aika wakilai gari-gari suna tara gudummawa, makaranta ta riƙa ba ɗalibi kuɗin abinci da na ɗaki. Irin wannan makaranta ta manyan ɗalibai ita ake kira yeshiba.

Ta Telz an kafa ta a 1875. Bayan 'yan shekaru aka naɗa Malam Eliyeza Godon ya zama malamin gari kuma shugaban makaranta, shi ne ya ɗaga ta. A wancan lokaci ɗaliban yeshiba a zaure ɗaya suke, babba da yaro, darasi ɗaya. Shi ya raba su aji-aji bisa ƙarfin karatunsu, ya sa jarrabawar shiga, sai ka ƙware a mataki kafin ka hau na gaba. Wanda ya ga lokacin da Islamiyya mai benci da allon bango ta shigo garin nan kusa da makarantun zaure, ya san irin ce-ce-ku-cen da wannan ke jawowa.

Abin da suke karantawa shi ne Talmud, tarin muhawarar malamansu na dā a kan hukunce-hukuncen Attaura: aure, saki, bashi, jingina, diyya, yanka, tsarki. Bugun da ya shahara an yi shi a Bilniyus tsakanin 1880 da 1886, warƙa 2,711. Matani a tsakiyar shafi, sharhi ya kewaye shi, wani sharhin ya kewaye sharhin. Duk wanda ya taɓa riƙe tsofaffin takardun fiƙihu na gidajen malamanmu, da jan tawada da baƙi da ƙananan rubutu a gefe, ba zai ga baƙon abu ba. Bibbiyu suke karatu, kowa da abokin muraja'arsa, suna gardama da murya sama daga safe har dare. Malam Godon ya kuma shigar da darasin gyaran hali da tsarkake zuciya, wanda ya koya wurin malaminsa Isra'ila Salanta. Wasu ɗaliban suka yi bore, suna ganin ana cinye musu lokacin karatun hukunci. Tsohuwar jayayya ce tsakanin mai fiƙihu da mai tarbiyya, mu ma ba baƙuwa ba ce gare mu.

A 1908 gobara ta cinye yawancin garin, har da makarantar. Malam Godon, da tsufansa, ya tafi Landan a 1910 neman taimakon sake gini. A can ajali ya same shi, a can aka binne shi. Surukinsa Yusufu Leb Blok ya gaje shi, shi kuma da ya rasu a 1929 ɗansa Ibrahim Isiyaka Blok ya hau. A zamanin gidan Blok aka ƙara makarantar share fage ta yara, da ta horar da malamai, da makarantar 'yan mata mai suna Yabne, inda ake haɗa addini da ilimin zamani. A garin Nana Asma'u ba sai na tsaya bayyana darajar wannan ba. Ginin jan bulo da ɗanki ya ɗauka, in dai shi ne na yeshiba, wanda aka yi bayan gobarar ne.

Yanzu sai abin da ya sa ya sunkuyar da kai.

A watan Yuni 1940 Tarayyar Sobiyet ta mamaye Lituwaniya. Gwamnatin kwaminis ba ta ga-maciji da addini kowane iri, ta ƙwace ginin yeshiba, ɗalibai suka warwatsu ƙananan garuruwa suna karatu a ɓoye-ɓoye. Ranar 14 ga Yuni 1941 aka fara kwasar dubban mutane a taragun dabbobi zuwa Saiberiya, Kiristoci da Yahudawa duka. Kwana takwas bayan haka, 22 ga Yuni, Jamus ta afka wa Sobiyet. Kafin jami'an tsaron Sobiyet su gudu daga Telshai, a daren 24 ga wata, sun fitar da fursunonin siyasa fiye da 70 daga kurkukun garin, 'yan Lituwaniya, suka kai su dajin Rainiai, suka azabtar da su har suka mutu, suka turbuɗe su.

Wannan zalunci ne na gaske, iyayen waɗannan matasa suna da haƙƙin kuka. Amma ki duba inda aka kai kukan. Waɗanda suka yi kisan sun tsere. Su wa suka rage a gari? Tela, da mai shago, da malami da ɗalibansa. Dama an daɗe ana raɗa wa mutane, a takardun farfaganda da bakin 'yan siyasa, cewa Bayahude da kwaminis abu ɗaya ne. Gaskiya ne akwai Yahudawa a cikin 'yan kwaminis, kamar yadda akwai 'yan Lituwaniya da Rashawa a ciki. Sai aka ɗauki laifin waɗannan aka aza wa kowa, har da malamin da kwaminis suka rufe wa makaranta.

Cikin 'yan kwanaki da shigowar Jamusawa aka fitar da Yahudawan garin daga gidajensu, aka tara su a bakin tafkin nan, sannan aka kora su wani sansani a Rainiai. Masu yi wa Jamusawa wannan aiki 'yan ƙasa ne, ana gane su da farin ƙyalle ɗaure a dantse. An tilasta wa mazan Yahudawa su tono gawawwakin fursunonin nan, su wanke su, su sake binne su, ana dukansu kamar su suka kashe su. A tsakiyar Yuli aka harbe mazan a bakin ramuka, cikinsu har da Malam Ibrahim Isiyaka Blok da malaman makarantar da ɗalibai. Mata da yara aka mayar da su wani sansanin a Geruliai. Ranar 30 ga Agusta aka ware 'yan mata da mata matasa kimanin 500, aka harbe sauran, tsofaffi da masu goyo da ƙananan yara. Su 500 ɗin aka killace su a wata unguwa cikin gari, ana ba da su aikin gona wurin manoma. A ƙarshen Disamba, cikin tsananin sanyi, aka kai yawancinsu Rainiai aka harbe. Wasu 'yan kaɗan sun tsere, wasu manoma sun ɓoye su a rumbuna da ramukan dankali, alhali wanda aka kama yana ɓoye Bayahude ransa ne a bakinsa.

Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Disamba, wata shida. Kusan mutum 2,800 ne Yahudawan garin kafin yaƙin.

Haka aka yi a kusan kowane ƙaramin gari na ƙasar. Yahudawan Lituwaniya sun haura 200,000 a 1941, aka kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari, yawancinsu kafin shekarar ta ƙare. Mutane sun fi jin labarin ɗakunan iskar guba na Folan, amma waɗannan a bayan garinsu aka kashe su, da bindiga, sau da yawa mai harbin ya san sunan wanda yake harbi. A Kaunas inda ɗanki ke zaune akwai wata tsohuwar ganuwar soja da ake kira ta Tara. A can, ranar 29 ga Oktoba 1941 kaɗai, an harbe mutum 9,200. Jamusawan da kansu suka rubuta adadin a rahotonsu.

Makarantar kuwa ba ta mutu ba. A 1940 malamanta biyu, Iliya Meya Blok da Hayim Modekai Kaz, sun fita ta Saiberiya da Jafan zuwa Amurka don neman hanyar ƙaurar da ita. Yaƙi ya rufe hanya a bayansu, aka kashe matansu da kusan dukan 'ya'yansu da suka bari. A 1941 suka tara ɗalibai 'yan kaɗan a birnin Kilibilan na jihar Ohayo, suka buɗe karatu da sunan Telz. Tana nan har gobe.

To, sai maganar baffan yaron. Ina girmama kishinsa, kuma abin da ke ƙona masa zuciya yana ƙona tawa. Ba na iya kallon hotunan yaran Gaza in ci abinci da daɗi, kuma ba na fasa yi musu addu'a. Amma ina roƙonsa ya duba shekaru. An kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Waɗanda ke kwance ƙarƙashin dutsen nan an kashe su a 1941, shekara bakwai kafin nan. Jaririn da aka harba a hannun uwarsa a Geruliai bai taɓa ganin Ƙudus ba, bai ƙwace gonar kowa ba. Idan muka ce ba za mu tausaya masa ba saboda abin da wasu masu addini ɗaya da shi suka aikata bayan mutuwarsa, to lissafin masu farin ƙyalle muka yi, ba mu rage komai ba. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, har da Suratul An'am da Suratun Najmi, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa ta gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe tsaye. Aka ce masa gawar Bayahude ce. Ya ce, "Shin ba rai ba ne?" Ɗanki bai shiga ibadarsu ba, bai yi musu salla ba. Ya tsaya ne inda aka zubar da jinin dubban mutane ba da haƙƙi ba, jikinsa ya yi sanyi. Da ya tsaya nan yana dariya yana ɗaukar hoton kansa, da shi ne abin faɗa.

Abin da ya sa na damu da wannan labari fiye da na nesa ke nan: ina jin irin wannan lissafi a garin nan. 'Yan bindiga su kai hari a gabashin jiharmu, su kashe bayin Allah, su koma daji. Washegari sai ka ji a majalisa ana cewa "ai duk su ne". Sai Bafulatanin da ya kawo akuyarsa kasuwa, wanda shi ma an kore masa shanu, ya zama shi ake kallo. Masu kuka suna da gaskiya a kukansu, kamar iyayen fursunonin Rainiai. Amma mai laifi ya yi nisa, wanda ke kusa shi hannu ke kaiwa. Na sha tashi daga majalisa saboda wannan kalma ta "duk su ne", kuma ina gaya wa tsofaffin ɗalibaina su ma su riƙa tashi.

Shawarata game da baffa: kada ki yi jayayya da shi, kada kuma ki bari yaron ya mayar masa da magana ta waya. Ki ba maigida wannan shafi ya karanta, su tattauna tsakaninsu 'yan'uwa. Hadisin nan ya san shi, tuni kawai yake bukata.

Akwai kuma wanda ba ki tambaye ni a kansa ba, abokin nan ɗan Telshai. A zamanin mulkin Sobiyet, duwatsun da aka kafa a irin waɗannan wurare galibi cewa suke yi an kashe "'yan ƙasar Sobiyet", ba a ambaton Yahudawa, ba a kuma ambaton hannun 'yan gari. Sai bayan ƙasar ta sami 'yanci a 1990 aka fara faɗar abin da sunansa. A 1995 shugaban ƙasar, Brazauskas, ya nemi gafara a bainar jama'a saboda 'yan ƙasarsa da suka sa hannu a kisan. An kuma tantance 'yan Lituwaniya fiye da 900 da suka ceci Yahudawa, an karrama su. Duk da haka har yau magana ce mai nauyi a gidaje da yawa. Wannan yaro yana iya nuna wa baƙonsa tafki da coci da gidan tarihi, su ci abinci su koma Kaunas. Sai ya ɗauke shi har cikin daji ya nuna masa abin da ya fi zama abin kunya a tarihin garinsu. Iyayensa sun yi tarbiyya, kuma ɗanki ya iya zaɓen aboki.

Idan za ki yi wa ɗanki saƙo, ki sa da na abokin. Kada ki sa kilishi, ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi ya shiga da nama, za a karɓe a filin jirgi. Ki aika wurin dukawa a ɗinka masa jaka ko alabe na jar fatar akuyarmu, yaron ya gaya masa daga wurin Innarsa ne, daga Sakkwato.